Zinariya a Jikin Alhaji Maharazu

Zuwaira ce ta ɓallo maganar, kuma wallahi ba da nufi ba. Ta shigo da kwanon fura da hantsi, ta tarar da mijinta kishingiɗe a kan darduma yana jan carbi, sai bakinta ya suɓuce da irin tsokanar da ta saba yi masa shekara da shekaru.

"To, mai zinariya, tashi ka sha."

Alhaji Maharazu ya ɗago kai. "Mai mi?"

Nan take ta gane ta yi ɓarna. Ta ajiye kwano, ta shiga gyara ludayin da ba ya bukatar gyara. "Ba komi, Alhaji. Wasa ne."

"Zuwaira. Mi kinka ce?"

Ai kuwa sai da ta faɗa. Wanda ya san Alhaji Maharazu ya san ba a yi masa kwana-kwana. Mutum ne da ya yi rayuwarsa yana sauke albasar Galmi da dabinon da ke shigowa ta Ƙonni, buhu ɗaya in an yi masa algus daga nesa yake jin warinsa, balle matarsa da ya san motsin girarta.

Ga yadda abin ya samo asali. Tun bara fitsari ya fara ba shi wahala, ya zo kaɗan-kaɗan, ya dawo bai daɗe ba. Ya sha jiƙo, ya sha sassaƙe, ya yi shiru da bakinsa, har ɗiyarsa da ke aiki a Abuja ta zo ta tasa shi gaba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba, Ummi yake ce mata, kuma ita kaɗai ce a duniya ke iya sa shi shiga mota ba ya so. A wani asibiti can Abuja aka gano ciwon daji ne ya kama wata 'yar ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar kowane namiji. An ce an yi sa'a bai bazu ba, gashi za a yi masa da inji. Likitan ba Bahaushe ba ne, Ummi ce ke fassara. Ta ce wa mahaifinta za a sa masa wasu 'yan alamomi guda uku da allura, don injin ya riƙa ganin wurin ciwon a hoton eksire yayin da yake gashi. Ya ce to. Aka sa, aka ɗauki hotuna, aka ce ya koma gida ya huta kafin su gama tsara aikin. Alamomi, in ji Ummi. Ashe ƙwayoyin zinariya ne, tsantsarta, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Zuwaira kaɗai Ummi ta gaya wa, ta ce kada ya ji.

Bai sha furar ba. Ya jawo waya.

"Ummi, zinariya anka sa min?"

"Baba, ina kwana?"

"Ban tambaye ki kwana ba."

"E, Baba, zinariya ce. Ita ce ke fitowa sarai a hoto, kuma jiki ba ya ƙin ta. Na san halinka, da na faɗa maka da ba ka yarda ba."

"Shi ya sa kinka zaɓa min. Ni namiji, Musulmi, in yi ta yawo da zinariya a jikina ina kai goshina ƙasa, ban sani ba!"

"Baba, magani ne fa. Don Allah ka saurare ni. Litinin ta sama aka ba ka. In ka bari ta wuce, layin yana da tsawo, wani za a ba, shi kuwa ciwon ba jira zai yi ba."

"Ba ni shiga injin kowa sai an cire min ita."

Ya kashe wayar. Abin da ya fi ci masa rai shi ne bai taɓa kashe wa Ummi waya ba sai ranar.

Daga nan fa zama ya gagare shi. Ya fita zaure, ya dawo tsakar gida, ya sake fita. In ya zauna sai ya ji kamar a kan abin yake zaune, ya muskuta, ya gyara, ya miƙe. Likita ya ce ba zai taɓa jin su ba, kuma gaskiya kafin Zuwaira ta yi magana bai ji komai ba. Yanzu kuwa zai iya rantsewa yana jin su, su uku, kowace a inda take, har nauyi suke masa.

Kada wani ya ce rigima ce kawai ta tsufa. Alhaji Maharazu ba malami ba ne, amma ya yi karatunsa daidai gwargwado, kuma abin da ya sani yana riƙe da shi da hannu biyu. Ya san zinariya da alharini na mata ne, an hana maza. Shi ne wanda in ɗan kasuwa ya miƙo masa hannu da agogo mai ruwan zinariya sai ya tambaya, a gaban kowa, na matarka ne ka aro? Ba ya yi don cin fuska, har zuciyarsa haka ya ɗauki abin. To yau ga shi da ita, ba a yatsa ba, ba a wuya ba, a wurin da ko cirewa ba zai iya ba in zai yi salla.

Ranar Lahadi kasuwar Illela ta cika, motocin albasa sun jeru tun daga bakin iyaka, ga kukan shanu daga kara, ga 'yan Nijar ana ta ciniki rabi da naira rabi da sefa. Ya je rumfarsa ko hayaniya za ta ɗauke masa hankali. Ina! An buɗe masa buhu ya duba, ya duba bai gani ba. Da aka kira Azahar sai aka ce liman ya tafi jana'iza Gidan Katta, mutane suka juyo gare shi kamar yadda aka saba.

"Alhaji, bismilla."

Har ya ɗaga ƙafa. Sai ya tsaya. In sallarsa ba ta karɓu ba, ya jawo ta mutum talatin ya haɗa da tasa? Ya ja baya, ya tura Sufyanu mai dabino gaba.

"Wuce kai. Muryata ta dushe."

Sufyanu ya dube shi. "Azahar ce fa, Alhaji. Ba a bayyana karatu."

"Na ce ka wuce!"

Wasu suka ƙunshe dariya. Ya yi sallar a sahun baya, bai san abin da ya karanta ba.

Mai hankali zai ce, to ya je ya tambayi malami mana, malamai ba su ƙare a Illela ba. Haka Zuwaira ma ta ce, ta faɗa ta sake faɗa. Amma ya je ya ce mi? Duk garin nan an san ciwon baya ne ya kai shi Abuja. Ya zauna gaban malami, almajiransa na shiga suna fita, ya buɗe baki ya faɗi inda ciwon yake, da ta inda aka bi aka sa allurar? Gara ya mutu da bakinsa rufe. Kuma ya san amsar da za a ba shi, za a ce larura ce. Ya san da haka, ba a kansa aka fara ba. Amma a nasa sanin larura sai in babu wata hanya, kuma shi ba wanda ya nuna masa cewa babu. An dai yanke masa hukunci da Turanci, aka fassara masa rabi.

Yana zaune yana juya wannan a ransa, yana murza zoben da ke ɗan yatsansa, sai ya tsaya cak. Ya dubi zoben. Azurfa ce. Azurfa kuwa halal ce ga namiji, kowa ya san haka. Ƙarfe ce kamar zinariya, tana ƙyalli kamar zinariya. In ƙarfe injin yake son gani, ga ƙarfe! Rabonsa da jin sanyi a ransa irin na lokacin tun kafin furar Zuwaira.

Washegari da safe ya nufi rumfar Attahiru maƙerin azurfa, can bayan tasha.

"Ƙwayoyi uku nake so, kamar shinkafa. Ba huda, ba ado. Azurfa tsantsa, kada ka haɗa da komi."

Attahiru ya tura tabarau goshi. "'Yan kunnen jaririya?"

"A'a."

"Laya za a ɗinke su ciki?"

"Attahiru, aiki na kawo maka ko tambayoyi?"

Maƙeri ya yi dariya ya hura wutarsa. Alhaji bai iya zama a bencin da aka nuna masa ba, yana tsaye a kansa yana cewa wannan ta yi kauri, wannan a goge bakinta kada ta yi kaifi. Da aka gama ya ƙulle su a bakin hankici, ya zura a aljihun ciki, ya dafa ya ji suna nan. Ya koma gida ya ce wa Zuwaira ta gaya wa ɗiyarta yana tafe. Zuwaira ta ɗaga hannu tana hamdala, ba ta san da ƙullin hankici ba.

Hanyar Illela zuwa Sakkwato, Sakkwato zuwa Abuja, ba ƙaramar tafiya ba ce ga mai ciwon fitsari. Ya tsayar da direba har direban ya daina amsawa da baki, sai dai ya ja gefe kawai. Ummi ta tarbe shi a ƙofar gidanta, ta durƙusa har ƙasa. Ya amsa gaisuwar a taƙaice, bai dube ta ba.

Ranar Litinin aka kai su sashen gashi, can ƙasan bene, wuri mai sanyi kamar cikin randa. Wanda ke kula da injin ya fito, matashi mai ɗan gemu da farar riga, ya russuna.

"Baba, ina kwana? An zo lafiya? Sunana Muhyiddeen. Na ga an rubuta Illela, na ce yau ɗan gida munka samu. Ni ɗan Sakkwato ne."

Jin harshen gida ya sa Alhaji ya ɗan saki fuska. Ya ce wa Ummi ta jira a waje, yau ba ya bukatar tafinta. Ta sunkuyar da kai ta fita. Suka shiga wani ɗan ofis, ya zaro hankici, ya kwance ƙullin a kan tebur da natsuwa.

"Ga su. Azurfa ce tsantsa, a gabana anka yi su. Ku cire waccan ku sa wagga, sai a yi gashin."

Muhyiddeen ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Bai yi dariya ba, kuma Allah ya taimake shi da bai yi ba, don da Alhaji ya tashi ya kama hanyar tasha.

"Baba, na gane damuwarka, wallahi na gane. Amma ba za mu iya sa maka su ba. Azurfa tana baƙi, jiki na iya ƙin ta, kuma ba a sa wa mutum abin da ba a gwada ba. Waɗancan kuma nama ya riga ya riƙe su. In an ce a cire, sai an yanka ka, a wurin da ciwon yake."

"To sai yaushe za su fita?"

"Ba su fita, Baba."

"Har kabari?"

"Har kabari."

Alhaji ya miƙe, ya kai ƙofa, ya dawo. Ya kama bayan kujera.

"To ji nan. Kun ce don motsi kunka sa su, ko ba haka ba? Ni ba ni motsi. Kun auna wurin, kun san inda yake. In kwanta, ku gasa inda kunka auna, ita kuwa zinariya ku bar ta ta zauna banza. An sa min ban sani ba, wannan ba laifina ba ne. Amma a yi aiki da ita da yardata, wannan kuma nawa ne. In na ce ba ni motsi, yaro, ko kunama ta harbe ni ba ni motsi."

Muhyiddeen ya shafa gemunsa. Ya fita ya yi magana da likita, ya dawo.

"Baba, mu yi haka. Da ma kafin a fara muna gwaji. Ka sha ruwa ka kwanta, ba za mu kunna gashi ba, hoto kawai injin zai riƙa ɗauka. Ka riƙe jikinka iya ƙarfinka. In mun gama in nuna maka, kai za ka yanke shawara."

Aka ba shi ruwa ya sha, aka jira mafitsara ta cika kamar yadda tsarin yake. Aka kwantar da shi a kan wani siririn gado mai tauri, aka sa masa matashi ƙarƙashin gwiwa, aka daidaita shi da wasu jajayen layukan haske. Kowa ya fita, ƙatuwar ƙofa ta rufe. Injin ya fara zagaya shi a hankali yana gunji ƙasa-ƙasa, da hannuwa biyu a gefe masu ɗaukar hoton.

Kai, ranar Alhaji Maharazu ya nuna shi namiji ne. Hancinsa ya yi ƙaiƙayi, bai sosa ba. Fitsari ya matse shi, ya danne. Tari ya taso masa, ya haɗiye shi har idonsa ya kawo ruwa. Ko yatsan ƙafa bai kaɗa ba. Mutumin da ya yi kwana da kwanaki ya kasa zama wuri ɗaya, ga shi kwance kamar an dasa shi, yana ce wa kansa yau za su gani.

Da aka buɗe ƙofa ya sauko yana gyara wuyan riga. "To? Na motsa?"

"Ko kaɗan, Baba. Muna kallonka ta kyamara. Zo ka gani."

Ya zaunar da shi gaban allon kwamfuta. Hoto ne toka-toka, ga inuwar ƙashin ƙugu, a tsakiya ga ɗigo uku farare tas, kowane an zagaye shi da ɗan da'ira.

"Ga su nan. Da'irar nan ita ce inda ya kamata su tsaya. Wannan hoton farko ne. Duba na gaba."

Ya danna. Ɗigogin suna ciki. Ya sake dannawa, suna ciki, amma sun ɗan jingina gefe. Ya danna, ya danna. A gaban idon Alhaji ɗigo ukun nan suka zame tare, a hankali, suka fice daga da'irarsu, suka yi sama kaɗan. Sun ɗan jima a can kafin su fara dawowa.

Alhaji ya matso da fuskarsa har hularsa ta kusa taɓa allon.

"Ban motsa ba."

"Ba ka motsa ba, Baba. Ita ta motsa. Iska ce ta wuce ta hanji ta ture ta, mafitsara kuma tana ƙara cika tana danna ta. Haka take yi wa kowa, ba a hannun mutum yake ba. Ita ƙwayar da ciwon ke ciki nama ce, ba ta fitowa a wannan hoton. Zinariyar kawai muke gani. In ta fita da'ira, injin ya tsaya da kansa, mu gyara gadon ko mu jira ta dawo, sannan ya ci gaba."

"In babu ita fa? Lokacin da ta yi sama ɗin nan, mi injin zai gasa?"

Muhyiddeen ya nuna da bayan biro. "Nan baya hanji ne. Nan sama mafitsara. In ba mu ganin motsin, sai mu faɗaɗa wurin gashin don kada ciwon ya kuɓuce, su kuma su sha zafin da ba nasu ba."

"Sai mi ya faru?"

Matashin ya ɗan kau da ido, irin na yaro mai kunyar babba. "Ba kowa ba ne, Baba. Amma akwai waɗanda daga baya riƙe fitsari ke ba su wuya. Wani har bayan gida."

Alwalarsa Alhaji ya tuna. Ya ga kansa tsaye a sahu, an kabbara, yana jin ɗumi na bin cinyarsa. Ya ga kansa yana canza wando kafin kowace salla, yana raɓewa a ƙarshen sahu kusa da ƙofa don ya sulale kafin a shafa. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, wanda ko ranar da aka ce masa ciwon daji ne bai ji irinsa ba. Shi da ya zo ya ceci sallarsa daga zinariya, ashe ita aka sa ta tsare masa tsarkin da zai yi sallar da shi. Ya nemi wata hanyar, ya nema da gaske, har maƙera ya je. Yanzu ya gani da idonsa babu.

Ya daɗe yana kallon ɗigo ukun. Sannan ya ce, murya ƙasa, "Sake nuna min."

Muhyiddeen ya sake nuna masa tun daga farko.

"Yau za a fara?"

"In ka yarda. Sai dai ka zagaya ka rage, ka sake shan ruwa, mu jira kaɗan."

Alhaji ya fito. Ummi na zaune a bencin baranda, ta haɗa hannuwa a cinya, idanunta sun yi ja. Tana ganinsa ta miƙe. Ya zagaya ya dawo, ya zauna a bencin, ya nuna mata gefensa.

"Ba ni ruwan nan."

Ta buɗe gorar, ta miƙa masa. Ya yi bismilla ya sha, ya huta, ya ƙara.

"Baba, ka yafe min. Tsoro na ji. Na ga in na faɗa maka za ka ƙi, in ka ƙi kuma..."

"Kin yi laifi, uwata. Jikina ne, ni za a tambaya a kansa, ba ke ba. Ko mi likita ya ce daga yau, ki faɗa min shi yadda yake, ko da ɗaci."

"To, Baba."

Ya shanye sauran ruwan, ya miƙa mata gorar. Daga ciki aka leƙo aka ce saura kaɗan.

"Kuma ki gaya wa yayanki Abdulmalik, shi zai tsaya a kaina. Ranar da anka zo yi min wanka, ya san akwai zinariya a jikina. Da sanina take, da yardata. Kada kowa ya taɓa ta, da ita za a rufe ni."

Ummi ta toshe bakinta da gefen mayafi, kafaɗunta suka fara rawa.

"Ke, miye haka?" Ya miƙe yana gyara hula. "Na ce ranar. Ban ce bana ba."

Muhyiddeen ya buɗe ƙofa ya kira sunansa. Alhaji Maharazu ya cire takalmansa, ya ba ɗiyarsa ta riƙe masa, ya shiga.